Inda Hasken Tsohuwar Mota Ke Zurarewa

Idan tsohuwar Hilux ko Land Cruiser ta fara ganin dare dishi-dishi, abin da mai ita ya fi yi shi ne ya nufi Ƙofar Ruwa in a Kano yake, ko Panteka in a Kaduna, ya ce a ba shi ƙwan fitila mai ƙarfi. Mai shago ya miƙo masa kwalin da aka rubuta 100/90 a jiki, ya ce, "Alhaji, wannan ko allura ce ta faɗi a kwalta sai ka gan ta." A ɗaura, a kunna, haske ya ɗan ƙaru, a rabu ana godiya. Kafin a yi nisa soket ɗin bayan fitilar ya narke, ko makunnin jikin sitiyari ya fara warin ƙonanniyar roba, ko fitilun su ɗauke baki ɗaya ana cikin gudu. Motar da ke tafiyar kilomita 80 a awa kuwa tana cinye mita 22 a kowane sakan, don haka sakan uku na duhu sun isa su kai mutum kwalbati.

Ƙwan da aka cire, sau da yawa lafiyarsa ƙalau. Wutar da ke isowa gare shi ce ta ragu a hanya.

Ƙwan da akasarin waɗannan motoci ke amfani da shi ana kiransa H4, kuma tun 1971 aka fara sa shi a motocin Turai. Ƙafa uku gare shi, da zare biyu a cikin gilashi: na ful mai wat 60, na dim mai wat 55. A ƙa'idar Turai ana auna haskensa ne a kan bolt 13.2, wato kusan abin da ya kamata ya iske shi idan inji na aiki, altaneta tana caji. Inda gizo ke saƙar shi ne haske ya fi wuta saurin faɗuwa. In wutar ta ragu da kashi 10 cikin 100, haske kan ragu da kusan kashi 30. Ƙwan da bolt 12 kawai ke isa gare shi ya riga ya rasa fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na haskensa. In bolt 11 ne, kusan rabi ya tafi. Wannan shi ne jan hasken nan mai kama da na mara lafiya da ake gani a gaban tsofaffin a-kori-kura a hanyar kasuwannin ƙauye. Batir na iya zama sabo fil, altaneta na ba da bolt 14 cif, amma abin da ya isa ƙafar ƙwai bai wuce 11 da ɗoriya ba.

To ina sauran ya maƙale? A kan hanya. Wuta tana tashi daga kan batir mai alamar ƙari, ta bi ta wata gajeriyar waya ta musamman da aka yi don ta narke in an samu gagarumin haɗuwar wuta, ta shiga akwatin fiyus, ta ratsa rile, wato makunnin da ƙaramar wuta ke tayarwa, in motar tana da shi, ta bi makunni, ta kai soket, ta ratsa zaren ƙwai, sannan ta koma batir ta jikin ƙarfen motar. Kowace mahaɗa a wannan tafiya ƙarfe ne ya taɓa ƙarfe. Bayan shekara 25 ko 30 na zafin inji, ƙurar hunturu, ruwan damina da tiyon masu wankin mota, babu mahaɗar da za ta zauna yadda ta fito daga masana'anta. Wannan ta yi tsatsa, waccan ta yi kore, wata bakinta ya saki. Kamar ban-ruwa ne a fadama: inji na iya zuƙo ruwa tiyo cike, amma in laka ta cushe magudana a wuri uku ko huɗu, abin da zai isa komin ƙarshe bai wuce ya jiƙa ƙasa ba.

Lissafin ba shi da wuya. Fitilu biyu na gaba suna jan kusan amfiya 10. Mahaɗa guda da tsatsa ta sa ta yi turjiyar om 0.2 kacal za ta cinye bolt 2, ta mai da su zafi na wat 20 a ɗan mitsitsin wuri. Zafin yana sassauta ƙarfen soket, sakin yana ƙara turjiya, turjiyar tana ƙara zafi. A kan wannan ne ake zuwa a ɗora ƙwai mai wat 100, wanda ke jan amfiya 8 da 'yan kai shi kaɗai, maimakon 5. Zafin da mahaɗa ke yi ba ninkin wutar kawai yake bi ba, yana bin wutar sau kanta ne, don haka ya kusa ninkawa uku. Robar soket ba ta da yadda za ta yi, sai ta narke.

Masu wayarin da suka san aikinsu ba sa fara kwance komai sai sun yi wa direba tambayoyi, don yanayin ciwon kan nuna inda yake. Fitila ɗaya ce ta mutu ko biyun? Dim ne kaɗai ya tafi, ko har da ful? In an ja sandar makunni don yi wa na gaba walƙiya, suna kamawa? Matsalar tana zuwa ne in an shiga gargada, ko bayan an yi rabin awa ana tafiya?

In gefe ɗaya ne ya mutu ɗungurungum, ful da dim, da wuya a ce zare biyu sun tsinke lokaci guda. An fi samun laifin a soket, ko a wayar da zaren biyu suka yi tarayya a kanta, ko a fiyus, domin tsofaffin Toyota da dama sun ware wa fitilar hagu fiyus nata, ta dama nata. In dim ne ya tafi a gefe biyu amma ful na aiki, hankali kan koma kan makunnin da ke sauya su. Sai dai a nan ma gara a fara ciro ƙwayayen a duba, don ba abin mamaki ba ne a tarar ɗaya ya mutu tun watan jiya, direba yana yawo da ido ɗaya bai lura ba, sai da na biyun ya bi shi. In kuwa juya makunni bai kawo haske ba amma jan sanda yana kawowa, an huta da zargin ƙwai da fiyus, tunda ga shi sun kama. Laifin yana cikin makunnin ko wayar da ke fita daga gare shi.

Akwai wani ciwo mai rikita mutum. Fitila ɗaya ta yi ja-ja, in an leƙa a ga zaren biyu suna ci a tare amma babu mai kuzari, ɗan shuɗin hasken dashbod da ke nuna ful yana ƙyallawa kaɗan alhali a dim ake, wani lokaci ma in an sa sigina sai fitilar ta riƙa numfashi tare da ita. Wasu direbobi har sukan ce motar ta yi gamo. Babu wani gamo, wayar bodi ce ta saki. Wutar da ta rasa hanyar komawa batir ba ta tsayawa, sai ta bi ta duk zaren da ta samu, ta ratsa ƙwayayen da ba a kunna ba. Maganin sau da yawa bai wuce a nemo notin da ya ɗaure wayar a jikin ƙarfe ba, galibi a bayan fitila ko gefen lagireto, a kwance, a goge da samfefa har ƙarfe ya yi fari, a ɗaure tamau, a shafa man giris. Motocin da suka je wurin mai fenti bayan haɗari sun fi kowa fama da wannan, don akan mayar da wayar a kan sabon fenti, fenti kuwa ba ya wuce da wuta.

Yanzu sai batun awo, kuma a nan ne yara masu koyon aiki suka fi faɗawa rami. Yaro ya zare soket, ya soka mita, ya ga 12.5, ya ɗago ya ce, "Oga, akwai wuta." Ba ƙarya ya yi ba, amma bai gano komai ba. Mitar zamani kusan ba ta jan wuta sam, don haka ko silin waya ɗaya ne ya rage bai tsinke ba, za ta nuna cikakken adadi. Sai an ɗora nauyin amfiya 5 a kan wannan silin ne asirinsa ke tonuwa. Shi ya sa tsohuwar testa mai ƙwan fitila a ciki, wadda ke jan wuta da kanta, ta fi mita faɗin gaskiya a wasu lokutan.

Awon da ke da amfani ana yinsa ne fitila na kunne, soket na jikinsa, inji na aiki. A fara da batir: in mota na kashe, lafiyayye yakan nuna wajen 12.6, in tana aiki kuma tsakanin 13.8 da 14.5. Sannan a ɗora tsinken mita ɗaya a kan batir mai alamar ƙari, ɗayan a soka ta bayan soket a ƙafar da wuta ke shiga. Abin da mita ta nuna shi ne abin da ya salwanta a tsakanin wuraren biyu. Rabin bolt ana iya haƙuri da shi. Bolt ɗaya da rabi ko biyu kuwa ɓarna ce. A maimaita a ɓangaren komawa, daga ƙafar da wuta ke fita zuwa kan batir mai alamar ragi. Daga nan sai a riƙa matso da tsinken baya-baya, mahaɗa bayan mahaɗa: bakin fiyus, ƙafar rile, wayar makunni. Inda adadin ya faɗi kwatsam, ɓarawon yana tsakanin nan da inda aka baro. Wanda ba shi da mita ma yana da yatsa. Bayan fitila ta yi minti biyar a kunne, duk mahaɗar da ta yi ɗumi fiye da 'yan'uwanta ta kai ƙarar kanta.

Tsofaffin Toyota suna da wata ɗabi'a da ta sha kunyata masu wayarin da suka saba da Peugeot ko Marsandi. A yawancin motoci, makunni yana aiko da wuta zuwa zaren dim ko na ful, ƙafa ta uku kuma tana ɗaure da bodi. Hilux da Land Cruiser da yawa na shekarun 1980 da 1990 a juye suke. Wuta tana zuwa ne ta ƙafar tarayya da zarar an kunna, makunnin sitiyari kuma aikinsa ya zaɓi zaren da zai haɗa da bodi. Wanda bai san haka ba zai soka testa ya ga wuta a ƙafar da yake zaton ta bodi ce, ya ga wuta a ƙafar ful alhali a dim ake, ya yanke hukunci cewa wayoyi sun haɗe. Mafi muni shi ne ya ce bari ya gyara, ya jawo waya daga ƙafar tarayya ya ɗaure a bodi. Ana kunnawa fiyus ya tashi. Wannan tsari kuma yana nufin a irin waɗannan motoci duk wutar fitilun tana komawa ne ta ƙananan haƙoran makunnin sitiyari, don haka awon ɓangaren komawa shi ne ya fi yawan fallasa matsala.

Motocin Amurka da ke shigowa ta Kwatano da Legas nasu salon daban. Jeep Cherokee da aka ƙera daga 1984 zuwa 2001 ba ta da rile a hanyar fitilun gaba, duk wutar sai ta shiga cikin mota ta ratsa makunnin dashbod kafin ta dawo gaba, shi ya sa ta yi suna da raunin haske. Tsofaffin a-kori-kurar Ford kuwa a cikin makunnin nasu akwai wani ɗan ƙarfe da ke yanke wuta in ya yi zafi, ya mayar in ya huce. Direba yana tafe sai fitilu su ɗauke, su dawo, su sake ɗaukewa. Wannan ba fiyus ba ne, don fiyus in ya tafi ba ya dawowa. Ko dai makunnin ya tsufa, ko an ɗora masa nauyin da ya fi ƙarfinsa, kamar ƙarin fitilu a kan layi ɗaya. Motocin da aka yi wa kasuwar Kanada daga 1990 kuma doka ta sa suna kunna fitila da rana da kansu, da wata 'yar na'ura ta musamman. Mai wayarin da bai san da ita ba yakan ɗauka makunni ne ya lalace, ya yi ta yanke wayoyin da ba su yi masa laifin komai ba.

Fiyus shi ne abin da aka fi wulaƙantawa a garejinmu. Launinsa yana faɗin ƙarfinsa: ja amfiya 10, shuɗi 15, rawaya 20, kore 30. An zaɓi kowanne ne daidai da kaurin wayar da yake karewa, don ya ƙone kafin ita ta ƙone. Wanda ya cire ja ya sa kore, ko ya naɗa silin waya, ko takardar sigari mai ƙyalli, bai gyara komai ba, ya mai da wayoyin motar ne su zama fiyus, kuma su in sun tashi ƙonewa a ɗaure suke da sauran a cikin dami guda a bayan dashbod. In fiyus na tashi da zarar an kunna, wata waya ce ta goge ta taɓa ƙarfe, sau da yawa inda ta ratsa ramin bodi da robarsa ta zube, ko inda ɓera ya yi ɓarna a motar da ta daɗe a ajiye kusa da buhunan hatsi. Akwai dabarar da ke hana asarar fiyus goma wajen nema: a haɗa ƙwan fitila a gurbin fiyus ɗin. Muddin wayar na taɓa ƙarfe, ƙwan zai haska sosai, kuma shi zai tare yawan wutar. Sai a bi damin wayoyi ana motsawa a hankali. Inda aka taɓa hasken ya rage ko ya ɗauke, nan za a warware tef.

Akwai kuma kishiyar wannan duka, wato motar da ke cin ƙwai kamar me. Wuta in ta yi yawa haske kan yi kyau, amma ran ƙwai kan gajarce da sauri, ƙarin kashi 5 cikin 100 kawai yana iya raba kwanansa biyu. In mita ta haura bolt 15 idan an taka totur, batir na ƙafe ruwa yana wari, to na'urar daidaita caji ta altaneta ce ta mutu, kuma duk ƙwan da aka saya asara ne sai an gyara ta. In caji daidai yake, a duba ko kwanon fitilar yana girgiza a mazauninsa, ko ruwa na shiga, ko kuma mai sawa yana kama gilashin da yatsu. Maiƙon hannu yana sa wurin ya fi sauran zafi har gilashin ya kumbura. A manyan motoci masu batir biyu a jere, irin su tirela da tifa, wutar bolt 24 ce, ƙwansu H4 ne shi ma amma mai wat 75/70, kuma ƙafafunsa iri ɗaya ne da na ƙananan motoci. Na 12 a babbar mota walƙiya ɗaya zai yi ya mutu. Na 24 a ƙaramar mota zai yi ja ya zauna, a yi ta neman laifi a waya alhali rubutun gindin ƙwai kawai ya kamata a karanta.

In an auna an ga wayoyin sun gaji ko'ina, gyaran da ya fi kowanne riba shi ne a rage wa wutar tafiya. A sa rile biyu kusa da batir, ɗaya na dim ɗaya na ful, da fiyus a bakin batir, a jawo sabuwar waya mai kauri kai tsaye zuwa fitilu, a sa soket na tangaran da ba ya narkewa. Lambobin da ke gindin rile ƙa'idar Jamus ce da kusan kowa ke bi: 30 daga batir, 87 zuwa fitila, 85 da 86 su ne masu tayar da shi. Tsohon makunni ya huta, maimakon amfiya 10 yanzu bai ɗauke ko rubu'in amfiya ba. Da ƙwan nan dai mai 60/55 sai a ga haske ya koma fari. Sharaɗin shi ne wayar ta zama jan ƙarfe na gaske, don kasuwa cike take da alminiyon da aka yi wa rufin ja, wanda in an kankare da wuƙa sai farin ya bayyana. Sannan a matse mahaɗa da kyau ko a like da dalma, ba a murɗa da hannu a naɗe da baƙin tef ba. A Toyota mai juyayyen tsari kuma dole a haɗa 85 da 86 yadda ya dace da ita, in ba haka ba ful da dim su kama tare ko su ƙi kamawa.

Ƙwayayen LED da suka cika kasuwa yanzu ba sa jan wuta da yawa, don haka sukan rufe asirin gajiyayyun wayoyi. Amma sun zo da nasu rigingimun. Da yawansu ta fuska ɗaya kawai suke karɓar wuta, don haka a tsohuwar Toyota sai su ƙi kamawa ko su kama rabi. Shuɗin hasken ful na dashbod ma kan daina aiki, domin a waɗannan motoci ta cikin zaren dim yake samun wuta, LED kuwa ba shi da zare. Babbar matsalar ita ce kwanon fitilar an ƙera shi ne don zaren da ke zaune a wani takamaiman wuri. In hasken ya fito daga wani wurin, sai ya watsu sama da gefe. Direba yana ganin gabansa ya yi fari tas yana jin daɗi, wanda ke tahowa kuwa an kashe masa ido, ga mai babur ko amalanke a gefen titi.

Wani lokaci ma wutar ba ta da laifi ko kaɗan. Murfin fitila na roba da rana ta dafa ya koma rawaya, ko kwanon ciki da ruwa ya cinye ƙyallinsa, suna iya haɗiye hasken da ƙwai ya bayar cikakke. Fitilun da aka ciro daga motocin Japan ko Ingila, inda ake tuƙi a hagu, dim ɗinsu yana ɗaga haske ne ta gefen hagu, alhali Najeriya ta koma tuƙin dama tun 1972, wato kai tsaye cikin idon mai tahowa. Saitin tsawo kuwa ana iya duba shi a kowane fili mai shimfiɗe da bango. A tsayar da mota mita 10 daga bangon, tayoyi da iska daidai, a auna tsawon tsakiyar fitila daga ƙasa, a yi alama a bango, a kunna dim. Layin da haske ya yanke ya kamata ya sauka ƙasa da alamar da santimita 10 zuwa 15. In a-kori-kura ce mai ɗaukar kaya, a sake aunawa bayan an yi lodi, don buhunan da suka danne baya suna ɗaga hancinta sama, su ɗaga hasken tare da shi.